Masu shirin siyan gona a Mambila don gudun zafin Kano, ku zo mu yi lissafi

Duk shekara da Maris ya raba, zafi ya fara taɓa arba'in da ɗoriya, an ɗauke wuta mutane sun fito da katifu tsakar gida, sai bidiyon Mambila ya dawo yawo a Facebook da TikTok. Tsaunuka kore shar, hazo yana bin ƙasa, shanu ƙosassu, wani saurayi cikin rigar sanyi yana hura hannu. A ƙasan bidiyon ba ka rasa mai cewa wallahi in Allah Ya hore min can zan koma, sai wani ya amsa masa ai akwai gona ta siyarwa a wani ƙauye kusa da garin Nguroje da ke kan tudun, hekta kaza, kuɗinta bai kai na fuloti ɗaya a Ɗanbare ba, mai so ya yi masa magana ta WhatsApp. Kuma har a majalisun cikin gari maganar ta fara shiga, musamman wajen 'yan kasuwar da suka gaji da ajiye kuɗi a banki naira tana zagwanyewa.

To bidiyon dai ba ƙarya ba ne. Mambila tana ƙaramar hukumar Sardauna a jihar Taraba, hedikwatarta Gembu, dab da iyakar Kamaru. Tudun ya kai wajen mita 1,600 sama da teku, Kano kuwa ko 500 ba ta cika ba, shi ya sa da rana da wuya zafin can ya wuce digiri 25. Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Najeriya, mita 2,419, yana wannan yankin. Ruwan da ke sauka musu a shekara ya kai ninki biyu na namu, damina tana farawa tun muna kukan bazara ta kai har Oktoba ko ta ɗan gota. Ana noma ganyen shayi, kofi, dankalin turawa, fiya, ayaba, gwaza, masara da wake. Duk wannan haka yake. Matsalar tana cikin lissafin da ɗan Kano yake ɗauka daga gida ya tafi da shi can.

Mu a nan mun saba da wani irin siyan ƙasa da ba ya buƙatar komai sai haƙuri. Ka siyi fili a bayan gari, ka kafa dutse ko ka zuba bulo layi biyu, ka manta da shi. Waɗanda suka siya a Ɗorayi ko Sheka ko Mariri lokacin suna gonaki sun ga abin da ya faru, yanzu kuma ana yin haka a Janguza da hanyar Gezawa da bayan Kumbotso. Amma me ya ɗaga kuɗin? Ba ƙasar ce ta canza ba, gari ne ya taso ya same ta, miliyoyin mutane ana haihuwa ana aure kowa yana neman inda zai sa iyalinsa. A ƙauyen kan tsauni babu garin da zai taso ya same ka. Matasan wajen ma da yawa ƙasa suke gangarowa, Jalingo, Yola, Abuja, neman karatu da aiki. Gonar can abin da take haifarwa shi ne darajarta, in ba a nome ta ba ciyawa ce kawai, kuma ranar da ka matsu kana son kuɗinka masu iya siya a hannunka 'yan tsiraru ne, su ma sun san ka matsu. Fulotin Kano ko da dare ka kira dillali da safe za ka ga masu tayi. Wannan bambancin shi kaɗai ya isa mutum ya sake tunani, araha ba ta ado.

Sai babbar magana, wa yake da ƙasar da za a siyar maka. Nan ne nake so a nutsu. Dokar ƙasa ta 1978 ta ɗora duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, abin da mutum yake riƙewa haƙƙin zama da amfani ne. A karkara ƙaramar hukuma ce ke ba da takardar haƙƙi ta gargajiya, kuma dokar ta yi mata iyaka, hekta 500 in noma ne, 5,000 in kiwo ne, abin da ya wuce haka sai da amincewar gwamna. Gwamna kuma yana iya ba da nasa satifiket ɗin, wanda kowa ke kira C of O, a ko'ina cikin jihar. Sannan wanda yake noma gonarsa tun kafin 1978 dokar ta san da shi ko ba shi da takarda ko ɗaya. Ka ga kenan wuri ɗaya yana iya samun mutum uku kowa da hujjarsa, ɗaya da takardar gwamna daga Jalingo, ɗaya da ta ƙaramar hukuma daga Gembu, ɗaya kuma kakansa ne ya sare dajin, kabarin gidansu ma yana gefen gonar. Kai na huɗu da ka zo da rasit ɗin dillali da sa hannun shaidu biyu, kai ne mafi rauni a cikinsu.

Kuma a Mambila wannan ba maganar takarda ba ce kawai, an zubar da jini a kanta. Saboda tudun ba shi da ƙudan tsando ga ciyawa, Fulani makiyaya sun hau da shanu masu yawa a ƙarnin da ya wuce, a hankali tuddai suka zama makiyaya, manyan masu shanu da masu hannu da shuni suka samu takardu a kan filaye masu faɗi suka zagaye da waya, su kuma manoman asali, ƙabilun Mambila da Kaka da sauransu, yawansu yana ƙaruwa gonakinsu suna matsewa a kwari da gefen rafi. Manomi yana ganin an killace ƙasar kakanninsa yana kallo, makiyayi yana ganin a nan aka haife shi aka haifi ubansa kuma ga takarda a hannunsa. An yi rikici a 2002, an sake yin mummuna a watan Yunin 2017 wanda aka rasa rayuka da dukiya da shanu masu yawa, ya kuma ɗan sake tashi a 2018. Ni ban zo raba gardamar wa ya fi gaskiya ba, kowane ɓangare yana da gawarwakin da yake kuka a kansu. Abin da ya shafi mai siya shi ne, wurin da a bidiyo kake gani fayau ba kowa, wallahi akwai idanu a kansa, kuma baƙon da ya zo daga Kano ya kafa waya a hekta hamsin ya shiga cikin tsohuwar rigima ko ya sani ko bai sani ba. Wani lokacin ma dalilin arahar kenan, mai wurin ya gaji ne yana neman wanda zai gada.

Ko babu wannan, akwai na cikin gida. Gonar ƙauye sau da yawa ta dangi ce, ba ta mutum ɗaya ba. Ɗa ɗaya ya siyar don zai yi aure ko zai sayi mashin, bayan shekara biyu yayansa ya dawo daga tafiya ya ce ba da saninsa ba. In gidan musulmi ne kuma ba a raba gado ba, kun san hukuncin shufu'a a mazhabarmu ta Malikiyya, abokin tarayya yana da damar ya biya ka kuɗin da ka siya ya karɓe kason. Kuɗin da ka siya fa, ba wahalar da ka sha ba. Shari'ar kuma ba a Gidan Murtala ko kotun Nomansland za a yi ta ba, can za ka dinga hawa.

Hawan kuwa shi ne abu na gaba. Daga Kano sai ka bi ta Gombe, ka wuce Kaltungo da Numan ka shiga Jalingo, mai son ransa a nan yake kwana. Washegari Bali, Serti, Mayo Selbe, daga nan motar ta fara murɗawa tana hawa dutsen har Maisamari, sannan Nguroje, sannan Gembu. Wannan babbar hanya kenan. Ƙauyen da gonar take kuma wataƙila sai ka sauka daga kwalta ka hau mashin ko tsohuwar Land Rover, a jar ƙasa mai santsi, a wurin da ruwa ke sauka wata bakwai zuwa takwas. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 duk wanda yake ɗora kaya a mota ya san yadda kuɗin dako ya koma. Yanzu ɗauki dankalin turawa, wanda shi ne masu tallan gonar suka fi ambata. Eh yana yi. Amma dankalin da ke shigowa 'Yan Kaba yawancinsa daga Filato yake, Bokkos da Mangu, tafiyar awanni, su ma tudu ne mai sanyi. Naka zai yi kwana biyu ko fiye a hanya, ana sauke shi ana ɗorawa, ya iso da ƙujewa da ruɓa, ka tarar da na Filato ya riga ka kuma ya fi ka arahar dako. Ga cutar ganye da ke kama dankali in ruwa da hazo sun yi yawa, wadda in ba a yi feshi a kan lokaci ba cikin kwanaki take ƙone gona. Kabeji da tumatir da sauran kayan gwari kuwa kar ma a fara. Abin da ke jure wannan hanya shi ne abin da ba ya saurin lalacewa, wake, masara, kofi, zuma, katako, shanu. Fiya tana da ɗan dama-dama tunda ɗanya ake tsinkarta ta nuna a hanya, 'Yan Lemo kuma akwai masu nemanta, amma ita ma mota ta lalace kwana biyu a Bali an gama.

Shayi fa? Mu Kanawa da ba ma iya kwana ba mu zauna a teburin mai shayi ba, jin cewa ana noman ganyen a Najeriya yana burge mu. Gonakin suna Kakara, inda masana'antar Highland Tea take, akwai kuma ƙananan manoma a kewaye da ke noma nasu. Cibiyar binciken koko ta ƙasa ma tana da reshe a Kusuku da ke aiki a kan shayi da kofi. Sai dai shayi ba masara ba ne. Sai ya yi wajen shekara uku kafin a fara tsinka, tsinkar da hannu ake yi kuma a kai a kai, ma'ana kullum kana biyan leburori, ganyen kuma da an tsinke shi cikin awanni yake buƙatar shiga sarrafawa, ba a ajiye shi a jira kasuwa ta yi kyau yadda ake ɓoye buhun gero a Dawanau. In gonarka ba ta kusa da masu sarrafawa ba ka da kasuwa, in tana kusa kuma masu siyan kaɗan ne, su za su faɗi farashi su kuma faɗi ranar biya. Kofi shi ma shekara uku zuwa huɗu ne kafin ka ga 'ya'ya, amma shi aƙalla ana shanya shi a ajiye.

Abin da a ganina ya fi kama da halin ɗan kasuwar Kano shi ne bishiyar turare, wadda ta cika tudun, ita ce dogayen nan da ake gani layi-layi a bayan gidaje. Ba ta son lallashi, in an sare ta tana sake tofowa daga kututture, katako da turakun gini kuma kullum akwai mai so, duk wanda ya shiga 'yan katako na Na'ibawa ya san haka. Amma shekaru take ɗauka, tana shan ruwan ƙasa sosai har maƙwabci ya fara ƙorafin gonarsa ta bushe ko idon ruwansu ya ja baya, da rani kuma ana cinna wa ciyawar tuddai wuta don sabuwa ta fito, gobara ɗaya ta isa. Kuma bishiyar da mai ita yake Kano, sare ta da dare ba wuya.

Kiwo shi ne asalin arzikin wajen, shi ne kuma ya fi kowanne shiga cikin rigimar da na faɗa. Da rani ciyawar kan tudu tana bushewa, shanu su gangara kwari inda ruwa yake, inda kuma gonakin mutane suke. Yawan shanun ma ya cinye wasu tuddan har zaizaya ta fara yanka su. Madara akwai ta, amma ba wutar da za a sanyaya ta ba hanyar da za a fitar da ita da wuri. Ga tsawa, a fili a kan tudu tana faɗa wa garke.

Zaman kansa kuma, masu cewa za su kwashe iyali su koma, sanyin da kake marmari a Afrilu daban yake da sanyin da za ka kwana ka tashi a ciki wata da watanni, da danshi, wanki ya kwana uku bai bushe ba, bango yana fumfuna, alwalar asuba sai an ɗora ruwa a wuta. Tsofaffi masu ciwon gaɓoɓi da yara masu asma su za su fara gaya maka. Sauro ya yi ƙasa da namu, wannan kam riba ce. Abinci akwai, ba tsada in na gona ne, amma duk abin da mota ta hau da shi, siminti, kwanon rufi, taki, mai, magani, ka biya kuɗin hawansa. Asibiti in abu ya yi tsanani sai Gembu, in ya fi ƙarfinsu sai an gangara Jalingo, ka tuna hanyar ka kuma tuna mace mai naƙuda. Hajiya da ta saba yau suna a Gwammaja gobe biki a Hotoro jibi ta leƙa gidansu, a tambaye ta tukunna kafin a yanke hukunci a majalisa. Harshen kasuwa da mu'amala a can Fulatanci ne ya fi ƙarfi, duk da ana jin Hausa, kuma akwai Hausawa 'yan kasuwa da suka daɗe a garuruwan. Mutanen wajen musulmi ne da kirista a cakuɗe. Tarihinsu ma ya bambanta da namu, yankin yana cikin Kamarun da Jamus ta riƙe, Ingila ta karɓa bayan yaƙin duniya na ɗaya, sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ya shigo Najeriya aka sa wa lardin sunan Sardauna. Har yau dangi suna tsallaka iyaka, kuma tun da rikicin yankin masu Turancin Ingilishi na Kamaru ya ɓarke 'yan gudun hijira suka shigo ƙaramar hukumar, abin da ya ƙara matsi a kan gidaje da gonaki.

Sai abin da dillalai suka fi jan mutane da shi, wai ka siya yanzu kafin a gama dam. Jama'a, wannan dam ɗin na wutar Mambila tun kafin a haifi da yawa daga masu karanta wannan ake maganarsa. An ba da kwangila a 2003 ga kamfanin Sunrise, aka sake ba wa kamfanonin Sin a 2017, megawat 3,050 a kan kusan dala biliyan 5.8, daga baya aka ce an rage girman aikin zuwa kusan rabi, rigimar kwangilar ta kai kotun sasanci a Paris har Obasanjo da Buhari suka je ba da shaida a farkon 2025. Mu ƙaddara gobe an fara. In gonarka ta faɗa cikin inda gwamnati ke buƙata, doka ta ba gwamna damar soke haƙƙinka don amfanin jama'a, diyyar kuma ta abin da ka aza a kan ƙasar ce, gini, shuka, bishiyoyi, ba ta ƙasar kanta ba. Wanda ya siyi fili ya bar shi fayau yana jiran diyya kusan ba abin da zai ɗauka. In kuma ba ta faɗa ciki ba, ma'aikatan dam a gari da bakin hanya za su nemi haya, ba a ƙauyen da sai an hau mashin awa guda ba. Haka maganar shuɗin dutsen nan mai daraja da ake haƙa a wajen Mayo Sina, ana cewa wa ya sani ko gonarka akwai shi. Ko akwai shi ba naka ba ne, ma'adinai na gwamnatin tarayya ne a dokar ƙasar nan, lasisi daban ake nema a Abuja, abin da ka fi saurin samu shi ne masu haƙa su cika maka gona da ramuka.

Wa abin zai yi wa kenan? Wanda zai zauna a can, ko yake da ɗa ko ƙani da zai zauna da gaske ba wai yaron shago da za a tura da kuɗin taki ba. Wanda ya riga yana harkar shanu ko katako ko wake da mutanen wajen, ya san mai gari ya san ardo, sun san shi. Irin wannan ma in ni ne ba da siya zan fara ba, haya ko aro zan nema na damina ɗaya ko biyu, a rubuce, a gaban mai gari da dangin mai gonar, in ga abin da ƙasar ke bayarwa da abin da hanya ke ci. Ƙasar can wurare da yawa tana da tsami saboda yawan ruwa, ba kowane taki da muka saba zubawa a Kura ko Kadawa ne zai yi mata ba, gwajin ƙasa kuma kuɗinsa bai kai na buhun taki kaɗan ba. Mai jari da ba ya son noma, shago ko sito ko gidan haya a cikin Gembu ko Nguroje ya fi kusa da abin da ya iya, nan aƙalla akwai kasuwa akwai masu wucewa, duk da nan ma sai an bi takarda.

In ta kai ga siya, ba a cinikin biri a sama. Ka je da ƙafarka, kuma sau biyu, cikin Agusta don ka ga hanyar a mafi muninta ka ga inda ruwa ke kwanciya da inda ƙasa ke zaftarewa, sannan cikin Fabrairu don ka ga ko rafin da aka nuna maka yana nan da kuma ta ina shanu ke bi su sha ruwa. A zagaya iyaka da maƙwabtan kowane gefe suna tsaye, ba dillali kaɗai ba. A tambayi wa ya noma wurin bara da bara waccan, don in aro aka ba wani shekara goma yana ci da iyalinsa a ciki, fitar da shi wani aiki ne. Magada duka su sa hannu, har mata da waɗanda ba sa gari. A duba a sakatariyar Gembu, a duba a ma'aikatar ƙasa a Jalingo ko wurin yana cikin wata tsohuwar takardar kiwo ko gandun daji na gwamnati, tunda akwai irin su Ngel Nyaki da dajin Gashaka-Gumti a yankin, a kawo safiyo mai lasisi ya auna, a nemi amincewar hukuma kan canjin hannu kamar yadda dokar ta ce. Lauyan ma a ɗauki na Taraba wanda ya saba da kotunan can. Duk wannan kuɗi ne, da kuɗin mota da masauki da na waya da za a zagaye da na mai gadi, a tara su a kan farashin da aka gani a WhatsApp kafin a kwatanta da fulotin Ɗanbare.